Kayan Sallar Iya a Zangon Buzaye

A shekarar da ta biyo bayan babban farin nan da ya karkashe dabbobin arewa, muna zaune a Babura. Maigidana malamin gona ne, ni kuma ina koyar da ƙananan yara a makarantar firamare. 'Yar Kazaure ce ni, aure ne ya kai ni can, kuma a lokacin ban daɗe da tarewa ba. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Iya, tana tare da mu, ƙofar ɗakinta na kallon tawa. Babarbariya ce, iyayenta daga gabas suka zo da ita tun tana goye. Hausa take yi kamar kowa, amma in abu ya ba ta haushi ƙwarai, ko ya yi mata daɗi ƙwarai, sai ka ji Barbarci ya kufce mata. Ina matuƙar jin nauyinta. Da safe in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, kaina a ƙasa, ta amsa, ta sa mini albarka, in tashi. Kusan iyakar hirarmu ke nan.

Wani irin zamani ne mai fuska biyu. Kuɗin fetur ya fara isowa har wajenmu. Albashi ya ƙaru, maigida ya sayi babur da rediyo, kantuna sun cika da kayan da a da sai dai mu ji labarinsu daga bakin 'yan Kano. A gefe guda kuma, bayan gari, wajen wani tafki da ke da itatuwan gawo, akwai zangon Buzaye. Daga can wajen Azbin suka gangaro a ƙasa bayan raƙumansu da awakinsu sun mutu. Sun kafa 'yan bukkoki na tabarmi da tsofaffin buhuna. Mazansu na yin gadi a kantuna, matan na yi wa mutane surfe da daka. Ta kusa da su nake bi in zan je makaranta. Mukan gaisa daga nesa, ban taɓa tsayawa ba.

Azumin shekarar ya faɗo a ƙarshen damina, ana cikin yankan gero. Allah ya ba da ruwa, hankalin mutane ya ɗan kwanta. Da aka shiga goman ƙarshe, sai maigida ya ce bana fa sallah za mu yi ta gaske, in shirya mu je Kazaure ranar kasuwa mu yi sayayya. A tsakar gida ya faɗa, bayan shan ruwa. Iya tana daga kan tabarmarta tana jan carbi, sai ta ce, "Da ni za a je."

Muka dubi juna. Iya ta yi shekaru ba ta shiga mota ba, takan ce warin fetur na juya mata ciki.

Ya ce, "Iya, ga azumi ga zafi. Ki faɗi abin da kike so mana, mu sayo miki."

Ta ce, "Abin da nake so ba ya faɗuwa. Sai na gani da idona."

Ranar muka shiga a-kori-kura da sassafe, aka sa ta a gaba kusa da direba, ta toshe hanci da bakin mayafi har muka isa. Muka sauka a gidanmu ta gaisa da iyayena, daga nan sai kasuwa.

Ni abin da ke raina kek ne. A kwalejin horar da malamai mata aka koya mana yadda ake gasa shi a tukunya da yashi, kuma tun da na yi aure ban gwada ba. Na sayi fulawa da bota da madarar gwangwani da 'yar hodar da ke sa shi tashi. Maigida ya saya mini atamfa, ya saya wa Iya leshi fari. Ta shafa shi, ta ce Allah ya yi albarka, ta miƙo mini in riƙe, ta yi gaba. Daga nan kasuwar ta zama tata, mu 'yan ɗaukar kaya.

Ba manyan abubuwa ta riƙa saye ba. Ta tsaya wajen mai takalma ta daɗe tana lanƙwasa silifa har ta sami mai taushi, tana cewa, kamar da kanta take magana, "Wannan na ungozoma ne, diddigenta ya tsage." Ta sayi kwalli da ɗan madubi, ta ce na 'yar makahon nan na bayan masallaci ce, ta fara zama budurwa kuma ba uwar da za ta lura. Ta sayi hula 'yar ƙarama ta ɗan da aka haifa wa mai kawo mana ruwa. Ta sayi sabulai masu ƙamshi na matar da ta yi ɓari a farkon azumi. Ina biye da ita ina saurare. Gidan da duk na sani a unguwarmu, da waɗanda ban ma san da su ba, haka ta riƙa bin su a kanta ɗaya bayan ɗaya. Mace ce da ba ta cika fita ba, amma ashe duk wadda ta shigo gaishe ta, abin da ta faɗa yana nan a ajiye.

Can sai ta ce a kai ta wajen 'yan Nijar masu kayan shayi. Ta sa aka auna mata ganyen shayi kore mai yawa, ta shinshina, ta ce a sake wani, wannan ya kwana biyu. Ta sayi sukari irin na dunƙule, wanda ake naɗewa a shuɗiyar takarda, sai an sa guduma ake fasa shi. Ta ƙara da turkuɗi mai sheƙin shuni.

Maigida ya ce, "Iya, wa zai sha wannan ganyen? Mu ai ba ma shan irinsa."

Ta ce, "Baƙinmu na bakin tafki. Ka taɓa ganin Buzu ya yi sallah ba shayi?"

Ya ce, "Ai an ba su hatsi. Ni da hannuna na raba musu na gwamnati, ga kuma zakkar kono tana tafe."

Ta dube shi ta ce, "Hatsin nan don kada su mutu ne. Ni sallah nake so su yi."

Ya ɗauki kayan.

Da muka dawo aka shiga aiki. Iya ta fito da alkamar da ta ajiye tun bara, aka ɓarza, ta kwaɓa da nono da ruwan tsamiya, ta rufe ya kwana. Washegari matan maƙwabta suka shigo taya mu. Aka baje tabarmi a inuwar dalbejiya, ana murza kwaɓin da mai ana naɗe shi ya zama alkaki. Nata naɗin daban yake, siriri, kamar igiyar da aka tufka da kyau, kuma ba ta ma kallon hannunta. A ɗaya gefen ana dakan nakiya, shinkafa soyayya da citta da kanumfari da masoro, ana zuba zuma da man shanu, taɓare na tashi suna sauka. Ga dubulan a kasko. Duk wannan fa da azumi a bakin kowa, ba mai iya ɗanɗanawa. Iya ta kan ɗebo ruwan sukari a ludayi ta ɗaga, ta dubi yadda yake zuba, ta ce a ƙara wuta ko a sauke. Nakiya kuma ta kan murza kaɗan a tafin hannu ta kai hanci, ta ce saura kanumfari. Ƙamshi ya cika unguwa, har wani dattijo da ke wucewa ya ɗaga murya daga waje yana cewa mu ji tsoron Allah, mutane na azumi. Aka kwashe da dariya.

Ni kuwa na koma gefe da nawa. Na wanke gwangwanayen madarar da na tara, na shafe cikinsu da bota. Na zuba yashi mai tsabta a babbar tukunyar ƙarfe na ɗora a wuta ya yi zafi. Na buga bota da sukari da ƙwai har hannuna ya gaji, na zuba fulawa, na rarraba kwaɓin rabi-rabi a gwangwanayen, na jera su a kan yashin, na rufe, na zuba garwashi a kan murfin. Matan suna ta leƙowa.

Ɗaya ta ce, "Malama, yashi za mu ci bana?"

Wata ta ce, "Ba mai, ba ruwa, ba turara? To me zai dafa shi?"

Ni ma ban tabbata zai yi ba. Da na ji ƙamshinsa ya sauya, na kawar da garwashin na ɗaga murfi. Kowane gwangwani ya cika ya yi tozo, samansa ja-ja-ja, ya ɗan tsage a tsakiya. Iya ta taso da kanta, ta sunkuya a kan tukunyar, ta faɗi wata kalma da Barbarci. Ta sa yatsa ta danna ɗaya, ya lotsa ya taso. Ta sake dannawa.

Rana ta yi ƙasa amma ba a kira salla ba. Ba wadda ta tafi gida. Muka zauna muka kewaye faifan da na juye su a kai, manyan mata masu 'ya'ya da jikoki, muna kallon kek muna jiran ladan. Da aka kira, kowa ta kurɓi ruwa, Iya ta gutsuri ɗaya ta sa a baki. Ta haɗiye, sannan ta ce, "'Yar nan, wannan ai ko haƙori ba ya nema. Allahu akbar. Gobe ki ƙara yi da yawa. Duk tsofaffin da alkaki ya fi ƙarfinsu, bana sun samu."

Ranar sallah bayan an sauko daga idi, kwanuka suka fara fita. Iya na zaune a ƙofar ɗakinta, kaya jibge a gabanta, tana haɗawa tana faɗin gidan da za a kai. Ga tuwo da miya, ga alkaki da nakiya a ƙaramar langa, ga ɗan ƙunshin kyautar da ta zaɓo a kasuwa. Kek ɗina ya tafi wajen tsofaffi, har ɗaya daga cikinsu ta aiko tambaya wai ko daga Makka aka kawo shi. Wasu kwanukan na fita wasu na shigowa. Amma akwai wata babbar fanteka da ta rufe da faifai ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce kada a taɓa.

Bayan la'asar ta leƙo ɗakina ta ce, "Ɗauko mayafinki ki raka ni."

Maigida ya ɗaure fantekar da sauran kayan a bayan babur, yana tura shi a hankali, mu muna biye. Da muka isa zangon, babu wata alamar sallah. Yara na zaune a inuwa cikin kayansu na kullum. An dafa gero, an ci, shi ke nan. Maigida ya sauke kayan ya nufi wajen maza. Iya ta wuce kai tsaye zuwa wata bukka da ke tsakiya, ashe ta riga ta bincika wace ce babbarsu.

Dattijuwa ce doguwa, ta rame ƙwarai, shunin tsohon mayafinta ya rine mata goshi da wuya. Zaune take a miƙe kamar wadda ke kan kilishi, alhali a kan buhu take. 'Yarta, wadda ta fi ta jin Hausa, ta shimfiɗa mana tabarma. Aka gaisa, aka daɗe ana gaisawa. Sannan Iya ta jawo fantekar ta buɗe, ta jera ganyen shayi da sukari da turkuɗin a gefe, ta ce, "Maƙwabta, barkanku da sallah. Ga ɗan abin da muka taɓa a gida, ku ɗanɗana mana ku ji ko ya yi."

'Yar ta fassara. Dattijuwar ba ta dubi alkakin ba, ba ta dubi turkuɗin ba. Ganyen shayin ta ɗauka, ta kwance ƙullin, ta kai fuskarta, ta rufe ido. Ta daɗe a haka har na fara tunanin ko mun yi laifi. Da ta buɗe ido sai ta ɗaga murya ta kira wani da yarensu. Wani tsoho ya fito daga bukkar da ke kusa, rawani ya rufe masa fuska sai idanu. Ta nuna masa. Ya tsaya cik. Ya koma ciki da sauri, ya fito da wata jakar fata, ya zazzage ta: 'yar butar shayi shuɗiya duk ta ƙoƙe, ƙananan kofunan gilashi naɗe a tsumma, da 'yar guduma ta tagulla mai ado. 'Yar ta gaya mana cewa a hanya sun sayar da sirdi da takobi da azurfar uwarta, amma tsohon ya ƙi rabuwa da waɗannan, ko da yake rabonsu da shayi tun kafin su baro gida.

Ya kwance takardar sukarin, ya ɗaga gudumar ya buga. Ƙarar ba ta da yawa, wani ɗan ƙas ne kawai. Amma wallahi sai ga mutane suna fitowa daga kowace bukka, maza da mata, suna tahowa suna zama. Aka hura gawayi. Tsohon ya riƙa ɗaga butar sama yana tsiyayawa a kofi, yana mayarwa, har kumfa ta taru. Iya aka fara miƙa wa. Na san ba ta son ɗaci, amma ta shanye tas ta mayar da kofin da hannu biyu. Kofunan suka yi ta zagayawa. Aka raba alkaki da nakiya. Wata yarinya da aka ba kek ta riƙe shi a tafin hannu tana jujjuyawa, ta shinshina, ta gutsura wa ƙanenta, sannan ta ci, ta dube ni ta yi dariya da dukan bakinta.

Ana zagaye na ƙarshe sai dattijuwar ta yi wa 'yarta magana a hankali. 'Yar ta yi turus, ta sake tambaya, sannan ta shiga bukka ta fito da wani abu a naɗe. Goge ne irin nasu, rabin ƙwarya an rufe da fata mai zane, tsirkiya ɗaya ta gashin wutsiyar doki. A wajensu mata ne ke kaɗa shi, ni ban sani ba sai ranar. 'Yar ta raɗa mana cewa uwarta sananniya ce a ƙasarsu, daga nesa ake zuwa jin ta, amma tun ranar da raƙumarta ta ƙarshe ta faɗi ba ta sake taɓa shi ba.

Dattijuwar ta ce da Iya, da 'yar Hausarta, "Ba ni da kwano in mayar miki. Wannan nake da shi."

Ta ɗora shi a cinya ta fara ja. Na sha jin goge a gidajen biki a Kazaure, mai sa mutum ya taka rawa. Wannan ba shi ba ne. Muryarsa siririya ce, tana hawa a hankali kamar za ta tsinke, sai ta sauko ta yi rawa a wuri ɗaya, ta sake hawa. Mazan da ke zaune nesa kaɗan suka fara wani gunji ƙasa-ƙasa daga cikin rawunansu, ba kalmomi, suna bin ta. Rana ta yi ja a kan ruwan tafkin, zangarniyar geron da aka tara a gonakin da ke kewaye ta yi kamar an zuba mata zinariya, balbelu na komawa kan gawo. Na ga tsohon mai shayi ya ja rawaninsa sama ya rufe har idanun, kafaɗunsa na motsi. Na hango maigida a cikin maza, ya cire hularsa ya riƙe a hannu bai ma sani ba.

Sai na ji wata murya kusa da ni. Iya ce. Idonta a rufe, tana rera wata waƙa da Barbarci, a hankali, muryar na karkarwa. Ban taɓa jin ta yi waƙa ba, ɗanta ma daga baya ya ce bai taɓa ji ba. Buzuwar ta juyo ta dube ta, ba ta tsaya ba, sai ta sassauta gogen ta bi muryar Iya. Ba wadda ke jin yaren 'yar'uwarta, amma haka suka tafi tare, tsofaffi biyu, har aka kira magariba daga cikin gari. Aka ajiye gogen, muka yi alwala da ruwan tafki, muka yi salla a kan yashi tare da matansu.

A hanyar dawowa Iya ta dafa kafaɗata saboda duhu ya fara. Ta ce waƙar ta uwarta ce, tana yi mata in tana yi mata kitso, kuma ita da kanta ta ɗauka ta manta da ita. Ta yi ta ba ni labarin uwar har muka iso gida. Tun daga ranar na daina sunkuyar da kai in ina gabanta, muka koma hira kamar 'ya da uwa.

Dattijuwar ta riƙa zuwa gidanmu bayan haka, su zauna da Iya su yi ta magana da hannu da 'yan kalmomi, suna dariyar junansu. Da damina ta sake zagayowa aka ce ciyawa ta fito a ƙasarsu, sai suka tattara suka koma. Mu ma ba mu daɗe ba aka yi wa maigida canjin wurin aiki zuwa Gwiwa.

Muna Gwiwa, bayan na haifi 'yata ta fari, wata ranar hantsi ana saura kwanaki kaɗan babbar sallah, na ji hayaniyar yara a ƙofar gida. Maigida ya shigo da sauri ya ce, "Iya, fito ki ga baƙo." Raƙumi ne gurfane a ƙofar gidanmu, da kaya niƙi-niƙi, ga wani Buzu dogo a tsaye. Mijin 'yar dattijuwar ne. Ya ce sun zo da ayarin gishiri, surukarsa ta ce kada ya kuskura ya dawo bai ga tsohuwar Babura ba. Ya je Babura aka ce mun tashi. Ya zo Kazaure yana tambayar malamin gona mai uwa Babarbariya, wani ya tura shi Roni, a Roni aka ce ai wannan yana Gwiwa. Ya sauke dabino a jakar fata, da cuku, da kantun gishiri, da wani matashin fata mai tuntaye ja da kore wanda dattijuwar ta ɗinka da hannunta.

Iya ba ta dubi kayan ba tukuna. Ta ce, "Tana nan da rai?"

Ya ce, "Tana nan. Ta sami awaki da raƙuma, har ɗaya ta haihu."

Iya ta zauna a dakalin ƙofar gida ta ɗaga hannu sama, tana ta hamdala, hawaye na bin tsagen fuskarta. Muka ba baƙon masauki a zaure, aka kai raƙumin bayan gida aka zuba masa harawa, yaran gari suka yini a kan katanga suna kallonsa yana tuƙa. Washegari bayan asuba ya ɗaura sirdi. Iya ta sa na ɗauko jaririyar, ta miƙa masa ya riƙe ya tofa mata addu'a, ta ce ya dube ta da kyau don ya iya kwatanta wa surukarsa kamanninta. Ya dube ta sosai, ya mayar mini da ita, ya hau. Raƙumin ya miƙe da shi, suka bi hanyar arewa ta cikin gonaki.